Kujerar Da Aka Ba Ni A Jikin Bango

Ku sauke hannuwanku, ban karɓa ba. Na gode da girmamawa, amma ba ni za ku tura majalisar jami'a a matsayin wakilin malaman wucin gadi ba. Kabiru, bar murmushin nan, ba kara nake yi maku ba. Kai ne ɗazu na ji kana gaya wa na kusa da kai wai aikin nan hutu ne, Asabar da Lahadi ka shigo aji ka yi surutu ka koma gida, shi kuma wakilci ai zuwa birni ne a sha lemo a dawo. To gyara zama. Shekara goma sha tara nake wannan aiki a cibiyar nan ta Ƙanƙara, tun bayan da na aje hedimasta, kuma sau ɗaya tak na taɓa shiga ɗakin da kuke son tura ni. Abin da na yi a ɗakin nan shi ya sa wata baiwar Allah a Damari ba ta da digiri har yau.

Aikin farko da na fita, bayan Malam Barau na hau, a kan tsohon babur ɗinshi, muka nufi Daudawa. Allah Ya jiƙan Malam Barau, shi ya koya mani sana'ar nan. Ku da kuka zo bana ba ku sani ba tukuna, karatun ƙarshen mako shi ne ƙaramin aiki. Babban shi ne duba gwajin koyarwa. Ɗalibanmu duk malaman firamare ne da ke neman digiri, kowanne da makarantarshi a ƙauye, kuma dole a je har ajinshi sau uku a ga yadda yake koyarwa, a ba shi maki. Malaman dindindin na jami'a suna birni. Mu ke bin ƙauyukan.

Ran nan mun isa kafin a kaɗa ƙararrawa. Hedimasta ya sa aka ɗauko mana kujeru biyu aka aje gaban allo. Na nufi tawa zan zauna, Malam Barau ya riƙe mani hannun riga.

"Isiyaku, ina za ka?"

Na ce, "Kujera aka kawo mana, Malam."

Ya ce, "Mai duba aji ba ya zama a gaba. Can baya, kan bencin yara. Ka zauna, ka rufe bakinka. Ko ka ga malami ya rubuta shirme a allo, kada ka tanka gaban yaranshi. Sai ya gama, yara sun fita, sannan maganarka."

Haka na koya, haka kuma na yi duk tsawon shekarun nan. Ku riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinshi. Jan biro biyu, don ɗaya zai ƙafe maka a tsakiyar darasi. Agogon hannu, ba na waya ba, domin da ka fiddo waya duk idanun yara sun bar malami sun dawo kanka. Takardar maki a cikin leda biyu, musamman da damina; na taɓa isowa gida da makin mutum shida ya narke ya zama jan ruwa, sai da na sake komawa makarantun shida. Fulogi ɗaya a aljihu saboda babur. Sai kuma abinci daga gidanka. Malam Barau ba ya ko shan ruwan makaranta sai ya rubuta maki ya sa hannu. Yakan ce in ka ci tuwon mutum da safe, jan bironka zai yi laushi da rana.

Akwai wani da na je dubawa a 'Yankara, aji huɗu yake koyarwa. Ina shiga na ga abin mamaki. Kafin ya ƙarasa tambaya hannuwa sun tashi sama, amsa kuwa kamar ana karatun allo. Na duba bencin gaba, sai na ga ƙattai uku gwiwoyinsu ba su ma shiga ƙarƙashin tebur. 'Yan aji shida ya aro ya dasa. Darasin kuma kwana uku ana sa yara suna haddace shi. Ban ce komai ba sai da ya gama. Na kira wata ƙaramar yarinya daga can kusurwa na karɓi littafinta, na ga rabon da jan biro ya taɓa shi tun farkon zango. Allo yana yi wa baƙo ƙarya, littafin yaro ba ya yi. Mutumin nan ƙanin matar wana ne. Na kada shi. Wata biyu ba a gaishe ni a gidan ba, kuma da na koma zagaye na biyu na tarar da littattafan ajin duk an duba su.

Kun ji aikin ke nan. Yanzu ku tambaye ni, wa ke yanke yadda za a yi shi? Ba mu ba. Akwai majalisar malamai a jami'a, su ke zama su tsara komai, kuma a lokacin ba mu da ko mutum ɗaya a ciki. Mu dai sai mu zo ranar Asabar mu tarar da takarda manne a ƙofa. An taɓa sa mana jarrabawa daidai makon noman fari, alhali ɗalibanmu kusan duk manoma ne. An taɓa sa ta yamma liƙis, mutanen Sabuwa da Faskari su san yadda za su koma. Mutanen da ba su taɓa tura babur cikin laka ba su ke tsara mana ranakun fita. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa. Amsar ɗaya ce kullum, wai an lura da kokenmu.

Malama Rabi, baiwar Allahn da na ce maku, na fara duba ta a shekarar da hanya ta lalace. Kun san shekarun da nake nufi, ba sai na faɗa ba: 'yan bindiga sun hana noma, ƙananan ƙauyuka sun watse, mutane sun tattaro cikin manyan garuruwa. Makarantarta a Damari ta cika da yaran da suka gudo, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Malamai maza biyu sun nemi canji sun tafi. Ita ke riƙe da aji huɗu da aji biyar a ɗaki ɗaya.

Ranar da na fara zuwa tana koyar da lissafi, rabi da kwata. Ba ta taɓa alli ba sai da aka ci rabin lokaci. Ta shigo da damin karan dawa, ta ba kowane benci kara ɗaya, ta ce a karya shi biyu daidai, wanda nashi ya fi na abokinshi tsawo ya ci amana. Nan aji ya kaure da gardama, kowa na gwada nashi da na wani. Ta ce a sake karyawa. Kafin ta rubuta ko lamba ɗaya a allo, yaran nan sun san kwata biyu shi ne rabi, da hannunsu suka gani. Na duba agogo, ta gama saura minti biyu, ta yi amfani da su ta zagaya ta duba littattafai. Wallahi tun da nake zama a bencin baya ban ga darasi irin wannan ba. Sau uku na je, sau uku na ba ta makin da ban taɓa ba kowa ba.

Gwajin koyarwar nan shi kaɗai ya rage mata. Kuma shekararta ta ƙarshe ce. Jami'a na da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi, ita kuwa haihuwa ta ci mata ɗaya, jinyar maigidanta ta ci ɗaya. In ba ta gama a wannan shekara ba, za a cire sunanta, duk abin da ta karanta ya tafi a banza.

A ƙa'ida, bayan zuwanmu uku, wani malamin dindindin yakan zo sau ɗaya ya tabbatar. Da can mota guda suke cikowa su zagaye makarantun cikin kwana biyu. A wannan shekara suka ce ba za su zo ba. Ban ga laifinsu ba a nan, kowa na son ranshi, ni ma da addu'a nake fita da addu'a nake dawowa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne labarin da ya biyo baya: wai za a kai wa majalisa shawarar a soke duk makin da muka bayar, ɗalibai su je birni su sake gwajin na zango guda cur a makarantun can, inda malaman dindindin za su iya ganinsu. Haba jama'a! Malama Rabi ta bar aji biyu da ɗiyanta biyar da miji marar lafiya ta tare a birni wata uku? Wa zai ma sake ta daga aiki?

Muka yi taro a ɗakin nan da muke zaune. Muka samo mafita mai sauƙi: a tara ɗaliban a nan Ƙanƙara ranar Asabar ɗaya, a kawo yara daga firamaren cikin gari, malaman dindindin su biyo kwalta da rana tsaka su ga kowa ya koyar, su koma kafin la'asar. Muka rubuta a takarda ɗaya. Muka matsa da waya da aike har aka ce to, mutum ɗaya daga cikinmu ya zo taron. Karo na farko ke nan. Nan take kowa ya ce Baba Isiyaku, shi ne babba. Ga shi kuma Farfesan da ke shugabantar majalisar nan ɗalibina ne, ni na koya mashi karatu a aji uku, ina kiranshi Lawwali tun yana zuwa makaranta ba takalmi. Kowa ya ce magana ta ƙare. Yadda kuka ɗaga hannu yau, haka suka ɗaga.

Kafin in tafi Malama Rabi ta same ni a bakin ƙofar can. Ta ce, "Baba, ka gaya masu su zo su gani da idonsu. In ban iya ba su kada ni, na yarda." Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Na sa babbar rigata fara, takardar na aljihun gaba. Ina isa Farfesa ya taso da kanshi har bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni gaban mutane, ya karɓi jakata. Ya ce wa jama'a, "Wannan shi ne malamina, duk abin da na zama shi ne sila." Kowa ya miƙe. Ɗakin akwai dogon tebur a tsakiya, kujerun katako kewaye da shi, har da guda biyu ba kowa a kai. Na nufi ɗaya. Farfesa ya ce, "A'a, Baba, ina! Ba za ka zauna kan wannan ba." Ya ja ni zuwa wata kujera mai laushi a jikin bango, bayan kujerarshi, ƙarƙashin fanka. Aka kawo mani lemo mai sanyi da biskit a faranti. Ni kuma, ku ji wauta, na ji daɗi. Na ce a raina yaron nan bai manta tarbiyya ba.

Maganarmu ita ce ta bakwai a ajanda. Da aka zo kanta wani Dakta, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana ba, ya ɗaga hannu ya ce shi dama bai yarda da makin malaman wucin gadi ba. Wai maƙwabta ne ke ba maƙwabta maki, wai sai a kawo kaza a samu babban sakamako. Aka yi dariya. Ni da na kada ƙanin matar wana! Ni da ke tafiya da ƙunshin ɗumame don kada in ci na kowa!  Hannuna na kan aljihu, kan takardar.

Amma ban yi magana ba. Kun san yadda muke yi a nan. In ana taron gari ko na masallaci, dattijo ba ya kokawar magana da yara. Sai kowa ya zubar da tashi, an yi shiru, sannan a juyo a ce, "Baba, me ka gani?" Abin da ya faɗa shi ne rufin magana. Haka na tashi na gani. Ga kuma horon Malam Barau na shekara da shekaru: zauna a baya, ko an rubuta shirme kada ka tanka sai an gama. Na ce bari yaran su gama shirmensu, Lawwali zai juyo.

Wata mata ta yi magana, wani ya ƙara. Duk bai fi minti biyar ba, ina duba agogo. Sai Farfesa ya tambaya da Turanci ko akwai mai ja. Ya bi teburin da kallo, dama da hagu. Ni ina bayanshi. Ya ce an amince, sakatare ya rubuta, aka shiga ta takwas, maganar gyaran motar sashe. Wallahi ko a lokacin ban gane an gama ba. Ina zaune ina jira, ina cewa sai ƙarshe za a dawo kaina tunda ni ne baƙo.

An kuwa dawo kaina. Da aka gama ajanda Farfesa ya juyo da fara'a ya ce, "Alhamdu lillahi, yau muna da babanmu a cikinmu. Baba, a rufe mana da addu'a."

Na ɗaga hannu na yi masu addu'a. Me zan yi? An ce a roƙi Allah, in ce a'a? Suka shafa, suka watse.

Na bi shi ofis. Na fiddo takardar na aje mashi, ya karanta, ya dafe kai. Ya ce, "Kai, Baba! Ai wannan shawara ce mai kyau. Me ya sa ba ka ɗaga hannu ba?"

Na ce, "Lawwali, ni zan ɗaga maka hannu?"

Ya ce, "Haka tsarin yake, Baba. Kuma gaskiya ko ka ɗaga, sai na nemi izinin majalisa, tunda ba ka cikin mambobi. An riga an rubuta. Ba a sake buɗe magana sai zama na shekara mai zuwa."

Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Ya rako ni har mota. Amma ni har gobe ina jin haushin abin, kuma ba zan ɓoye ba. An gayyato mutum daga Ƙanƙara a kan maganar da shi kaɗai ya san ta a ɗakin, an ba shi kujerar da ta fi kowace laushi, an aje shi inda ba a ganin hannunshi. Da rahoton taron ya fito na nemi sunana. Yana can ƙasa, layi na ƙarshe: wanda ya rufe taro da addu'a.

Asabar ta zagayo. Ina jingine babur a gindin dalbejiyar can, sai ga Malama Rabi, ta taso tun daga Damari da sassafe. Takardar majalisa ta riga ni isowa, tana manne a ƙofa, ta kuma karanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali. Sannan ta ce, "Baba, da ka gaya masu su zo su gani, me suka ce?"

Na iya cewa sun ƙi. Ba wanda zai ƙaryata ni, ba wanda ya je sai ni. Na tsaya riƙe da kan babur, na ce, "Malama, ban gaya masu ba."

Ta dube ni ta ce, "Ba su bar ka ka shiga ba?"

Na ce, "Na shiga. Har lemo aka ba ni."

 Ta ce, "To, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri." Ta miƙe ta gyara mayafinta ta nufi tasha. Waɗanda suka iya sun je birni sun sake gwajin. Ita ba ta iya ba. A ƙarshen shekara aka cire sunanta.

Daga ranar na bar rubuta takardar koke mai ladabi. Shekara uku muna fama. Muka haɗa kai da malaman wucin gadi na sauran cibiyoyi, muka ce ba mai sake hawa babur ya duba ko aji ɗaya sai an ba mu kujera a tebur, da suna a jerin mambobi, da ƙuri'a a kan duk abin da ya shafi cibiyoyi. Aka ce mun yi butulci, aka ce mu tuna alfarma ake yi mana. Alfarma! Da zango ya zo ba wanda ya fita duba ɗalibai, sai ga shi an gano ashe ana iya gyara tsarin. Kujerar da Kabiru ke cewa ta shan lemo, haka aka same ta. Kujera ɗaya ce tak cikin dogon teburin nan, ta katako, kuma duk shekara akwai mai neman a janye ta.

Malama Rabi na nan a Damari da tsohuwar takardarta ta kwaleji. Wanda aka kawo mata a matsayin hedimasta yaro ne da ta koya wa rabi da kwata. Ni kuma duk ɗalibin da na ga bai iya riƙe aji ba, wurinta nake tura shi ya zauna a bencin baya ya kalla. Tana karɓarsu. Masu digiri nawa suka fito ta hannunta, ban ƙidaya ba. In mun haɗu tana gaishe ni har ƙasa, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa iya haɗa ido da ita ba.

Shi ya sa na ce ku sauke hannu. Ni na san kaina. Ko gobe na shiga ɗakin nan wani ya durƙusa ya ce Baba ga kujera, ƙafafuna za su bi shi kafin in yi tunani. Ba a sake wa mutum tarbiyya yana da furfura. Ku ba Malama Nafisa wakilcin. E, ke. Tun da na fara magana sau uku kina buɗe baki za ki katse ni, Kabiru na harararki, ina ganinku. Wannan halin nake so. In kin je kada ki sa kayan biki. Ki wuce kai tsaye ki ja kujerar katako, ki sa gwiwar hannunki a kan tebur inda shugaba ke ganinki. Da an ambaci cibiyoyi ki ɗaga hannu kafin kowa, kada ki jira a gama, ba a gamawa da ke. In an ce ba ki da kunya, ki ce Baba Isiyaku ne ya aiko ki, shi ya kai masu kunyar tun tuni.

Ungo wannan. Takardar ce, ita ce dai wadda na je da ita, ga lanƙwasar aljihu nan ba ta fita ba. Ba wanda ya taɓa jin ta a ɗakin. Ki sa ta a jaka. In suka ce ki rufe masu taro da addu'a, ki ce to, amma sai kin karanta wannan tukuna, kuma a rubuta sunan Malama Rabi.